Mati Wanzami da Salihun Japan

Duk wanda Mati Wanzami ya yi wa aski a shekarunsa na ƙarshe ya san ba a zama gabansa da gaggawa. Zai jiƙa maka kai, ya wasa aska a tafin hannu, ya share gefe guda tas, sai kawai ka ji askar ta tsaya a bayan kunnenka. Ya tuno da Salihu ke nan. "Kai, yaron ga!" in ji shi. "Mutane na ganin shi shiru-shiru, ba su san abin da ke cikin shi ba." Daga nan sai dai ka yi haƙuri, don rabin kanka na hannunsa, ba ka da wurin zuwa.

Wanda ba ɗan Tasawa ba zai ɗauka Salihu wani yaron unguwa ne. Ko kusa! Yaro ne na cikin littafin zane irin na Japan, wanda 'yan lakwal, wato yaran makarantar boko, ke kira manga. Sunansa na gaskiya, ni da na tsufa ina koyarwa ma sai na karya harshe kafin in faɗe shi. Shi kuwa Mati ya dubi fuskar yaron sau ɗaya ya ce wannan salihin bawa ne, ya raɗa masa suna Salihu, ba rago ba goro.

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, shi ya sa tun muna yara a Kona ba mu gaisawa sai da tsiya. Shi ya kira ni Mushe Mai Alli, ni in kira shi mahaucin kawuna. Kuma ni na jawo wa garin nan wannan bala'i. Wata ranar kasuwa na sayi tsire wajen Ɗan Tani na bakin tasha, na kawo shi inuwar icen bedin da Mati ke aski. Ashe Ɗan Tani ya sayo tarin tsofaffin takardu daga Maraɗi don ƙunshe nama, a ciki har da waɗannan littattafai, an yayyage su. Ni na ci nama, shi ya ɗauki takardar ya ƙura mata ido, duk mai da yaji.

"Mushe, wanga yaro mi ya yi anka ɗaure shi da sarƙa?"

Na karanta masa Faransancin da ke wajen bakin yaron. Na ce, "Shi ya ce a ɗaure shi. Wai tsoron kansa yake."

Mati ya sake duban yaron. Ya goge takardar da gefen riga, ya ninke, ya sa a zabira tare da asakensa.

Mu da muka san gidansa mun san abin da ya taɓa shi. Mati mutum ne da ko kaza ba ya kora da ƙarfi, yara ke hawan bayansa yana aski. Amma sau ɗaya a rayuwarsa ransa ya ɓaci, kasuwa duka ta gani. Ɗansa Haruna, wanda yake koya wa sana'a, ya kwashi asaken kakansa ya musanya su da injin aski mai lantarki, wai zamani ya canja. Mati ya tashi a tsakiyar mutane ya kwaɗa masa marin da ya kai shi ƙasa, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa. Yaro ya kaɗe riga ya shiga motar Agadas. Shekaru suka yi ta wucewa, yana gaisawa da uwarsa a waya, da ubansa kuwa ko tari. Mati bai taɓa ambaton sunansa ba, kuma duk wanda ya ɗauko zancen sai ya ji aska ta ƙara kaifi. To ga shi an kawo masa yaro mai hankali wanda wani abu ke tashi a cikinsa ya yi ɓarna. Ina zai sake shi?

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa shi ne Bello, wani makiyayi daga wajen Mayahi, da ya kawo bijimi kasuwa ya biyo a gyara masa gemu. Mati ya karkatar da kansa baya, ya shafa ruwa, ya ɗora aska daidai maƙogwaro, sannan labari ya motsa.

"Ka san Salihu, Bello? Yaro ne mai hwara'a, kamar ni haka. Shina ɗiban ruwa ma tsohi. In ya ɗora hannu bisa ciwo, sai ciwon ya ruhe. Shina jin bugun zuciyar mutum daga nan har garinku. Tsalle guda, ya ƙetare kasuwar ga da shanunta."

"Madalla," in ji Bello, ba tare da ya motsa haɓa ba.

"Amma ranar da ran shi ya ɓaci," Mati ya ɗan gyara riƙon aska, "sai gashin kan shi ya yi hwari hwat. Inuwar shi ta tashi tsaye, da haƙora. Shi a ka cewa Na Ciki. Na Ciki bai san aboki ba, bai san ɗan'uwa ba. Wanda ya hi kusa da shi, shi ya ka hwara yankawa."

Bello ya ɗaga yatsa ɗaya a hankali. "Baba wanzam, na tuna. Gemun nan, mai ɗakina ta ce haka take son shi."

Ya miƙe ya bar wurin, gefe a aske gefe da gashi, sandarsa ma sai yaro aka aika ya bi shi da ita. Da wata kasuwar ta zagayo ya dawo, amma bai zauna ba. Daga nesa ya tsaya ya ce, "Salihu na lahiya?" Mati ya ce lafiya lau, yau kamun kifi ya tafi. Sannan Bello ya cire rawani ya ce, "To, aske."

Kun san Mati da maƙo. Tunda yake bai taɓa sayen nama ba, cewa yake wanzami da sayen nama ai zagin masu haihuwa ne, ga raguna na faɗuwa kowane suna. Ya je wajen Ɗan Tani ya ce ya ba shi sauran takardun, Allah ya ba shi lada. Ɗan Tani, wanda shi ma ba kanwar lasa ba ne, ya ce, "Takarda da nama take tahiya, Sarkin Aska." Kuna tsammanin zai saya? Sai ya koma tsayuwa gefen tukuba. Mutum ya karɓi tsirensa, ya juya, ya ga dattijo da farin gemu yana biye da shi.

"Bismilla, baba."

"A'a, ci abinka, ɗana. In ka gama ka ba ni rigar tsiren."

Ya kafa wa masu zuwa aski doka, kowa ya biya ta tasha tukuna. Direbobin taksin daji suka riƙa kawo masa takardun da fasinja suka yar a mota. Ni kuwa na zama bawansa na gaske, ina duba lambar shafi ina jera masa, ina fassara, yana ƙaryata ni. In ce yaron ya ce kaza, ya ce, "Ƙarya ka kai, Mushe, dubi idon shi. Mai wanga ido ba ya hwaɗin haka." Sai in ce to karanta da kanka, ya ce da an sa shi lakwal da yanzu shi ne minista, ni ina wanke masa mota.

Da ya ji Ɗan Tani na kai tsire kasuwar Attantane, sai da ya hau amalanken masu hatsi ya bi shi can, mutumin da ko Kona ba ya zuwa sai an yi mutuwa. Ya hango wani ya gama ci ya jefar da takarda, a jikinta kuma ga Na Ciki ya buɗe baki gaban wata runduna. Kafin ya tsallake kwanukan wata mai fura, akuya ta riga shi. Ya kama ta da ƙaho, ta haɗiye tana kallonsa. Mai akuyar ta taso da masifa, wai me akuyarta ta yi masa.

"Mi ta yi? Baiwar Allah, akuyarki ta ci yaƙi guda!"

Har ya bar duniya bai san wanda ya ci nasara a wannan yaƙi ba, kuma bai ƙara ganin mutuncin akuya ba.

Malam Isuhu, limamin unguwarmu, ya ga abin ya yi yawa, ya zo aski da nasiha a bakinsa. Ya ce bai dace mai furfura ya ɓata lokacinsa kan zane-zanen yara ba. Mati ya ciro ɗaurin takardun da ya ɗinke da zare ya miƙa masa.

"Allah gahwarta malam, duba ka gani. Daga dama su ka buɗe littahinsu, kamar mu. Mutanen ga saura ƙiris su musulunta."

Malam ya karɓa don ya ƙaryata shi. Ya buɗe shafi, ya buɗe wani, ya gyara tabarau. Can sai ya ce, "Ai wannan yaro shafar aljani ce. Ruƙiyya yake buƙata."

"Wane aljani? Jini ne ya yi mai yawa. A ba ni shi in kahwa mai ƙaho a ƙeya, a ga in inuwa ta ƙara tashi."

"Ƙaho na fitar da aljani?"

"Ruƙiyya na hidda mataccen jini?"

Suna nan a haka ladan ya kira la'asar. Malam ya zabura ya tafi, mu duka muka bi shi. Ana sallamewa, ina ganinsa ya kewayo ta bayan sahu, ya sunkuya wajen Mati kamar zai yi masa fatawa, ya ce a hankali, "Wai ƙanen nan nasa da ke bin shi ko'ina, ya tsira kuwa?"

Tambayar da ta hana Mati sukuni ke nan. Salihu na da ƙane ɗan ƙarami, shi kaɗai ne ba ya gudu in gashi ya fara fari. Shafukan da suka zo daga baya duk suna nuna abin na matsowa. Aski ya zo gaban goshi, sai Ɗan Tani ya ce takardun sun ƙare, ya koma ƙunshe nama da buhun siminti. Shafi na ƙarshe da ya shigo hannunmu wani kwandasta ya kawo shi, rabinsa mai ya cinye.

Na je da hantsi na iske ba kowa a gindin bedi, sai shi da takardar a gwiwa. A zanen, gari ya zama kufai, Salihu ya farfaɗo, gashinsa ya koma baƙi. Ga ƙanensa kwance a gabansa, ba a sani ba ko da rai ko babu.

"Mushe, mi ya ce nan?"

Na ce, "Cewa ya yi, wa ya aikata wannan?"

Na jira ya ƙaryata ni yadda ya saba. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon takardar. Tausayinsa ya kama ni har na rasa tsiyar da zan yi masa. Na ce 'yata ta ce ana samun ƙarshen labarin a waya, in yana so a nemo masa.

"Bar shi," in ji shi. "Shi Salihu yana da uzuri, ba ya tunawa. Ni ina tune." Ya ajiye takardar. "Kana da lambar yaron ga?"

Ina da ita tun tuni, uwar Haruna ta sa mini ita, ta ce ko wata rana. Na kira na miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa da kunne, ya ɗaga murya kamar Agadas ɗin zai jiyar ba da waya ba, har masu shayi suka juyo.

"Haruna! Ni ne, ubanka. Ka ji ni da kyau, ba ni maimaitawa, katin Mushe ne, kuma matsiyaci ne. Marin da na yi maka ba shaiɗan ba ne, ba ɓacin rai ba ne, ba kowa ba ne. Ni ne, da hannuna, ina cikin hankalina. Ban kyauta ba. Ka yahe mani."

Ban ji abin da aka ce daga can ba. Na dai ga Mati ya sauke wayar ya danna ta a ƙirji, ya juya mana baya yana fuskantar icen bedi, ya daɗe a haka. Masu shayi suka mai da kai ga butocinsu.

Haruna ya zo bayan an yanke gero, da mata da ɗa na goye. Duk mun taru don mu ji abin da uban zai ce. Ya dube shi sama da ƙasa, daga ƙarshe ya ce, "Wane maƙiyin Allah ya yi maka wanga aski?" Haruna ya ce shi ya yi wa kansa. Mati ya ce ai ya gani. Sannan ya jawo shi ya rungume, mu kuma kowa ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Damina ɗaya suka yi tare, ta biyu ba ta iske Mati ba. Ciwon bai daɗe ba, kuma Haruna ne ke riƙe da kansa lokacin da ya cika. Ni dai tun ranar ban sami wanda zai zage ni da safe ba, kuma wallahi ina kewar abin.

Allah ya jiƙan Mati, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya nemi gafarar ɗansa tun yana da numfashi ya samu, ka sa ya samu taka, ya Ubangiji. Mu da muka saura, ka ba mu ikon faɗin "ni ne" tun muna da bakin faɗa. Amin.