Rigar Aiki Ta Mai Da Ni Jagora

"Jami'i, ina muka nufa?" in ji wata dattijuwar Baturiya daga cikin motarta.

Maƙwabcina ɗan Holland ne ya gayyace ni zagayen tsofaffin motoci na ranar sarkinsu, ya ce kowa ya sa kaya ruwan lemo. Ni kuwa rigar aikina ta sito, mai sheƙin nan irin ta masu ba motoci hannu, ita kaɗai gare ni mai wannan launin.

Na waiga, ga motoci jere suna jirana. Sai na tuna Yaya Ladi tana can shagonta na abinci a unguwar Landover, kullum kukan rashin ciniki.

"Ku biyo mu!" na ce, na faɗa Fijon maƙwabcina.

Ban tsayar da su ko'ina ba sai ƙofar shagon Yaya Ladi. Kafin azahar ko ƙullun waina bai rage ba.

Jama'a, tsakani da Allah, ɓatar da su na yi ko taimakonsu?