Gidan da Ya Koma Faranti

Mahaifina kuku ne a gidan wani Bafaranshe mai sayen fatu a Nassarawa GRA. A ɗakunan bayan gida muke zaune, ni da wana Garba da kakarmu Iya Tasalla, wadda ke rainon 'yar masu gidan. Tsarinmu ba ya canzawa: sallar isha'i, sannan tuwo, sannan wanke hannu, sannan zama gaban murhu inda Iya ke soya gyaɗa. Wanda bai wanke hannu ba, ba shi ba labari.

Labarin da muka fi roƙo, a bangon falo ta samo shi. Akwai wani faranti a rataye can, da zanen gidan dutse mai hasumiya. Wata rana tana goge shi, Madam ta ce ta bi a hankali, gidan kakanninta ne a wani ƙauyen Faransa. Ta ba ta tarihinsa da guntuwar Hausarta, Iya ta cike sauran da nata.

"Ga ta nan ta hayo teku," in ji Iya.

"Ta sauka mu ji ta!"

"Kai angona, matso," ta ce da ni. "Miji ba cefane, sai kunne."

Mai gidan na farko jarumi ne. Sarki ya ba shi ƙasa, ya gina gidan, ya kewaye shi da rami cike da ruwa. Iya hakimi take ce masa.

"Iya, Turawa ma suna da hakimi?" in ji Garba.

"To wa ke raba musu rikicin gona? Kai?"

Hakimin nan ya bar wasiyya ɗaya: kafin damina, mai gida da kansa zai hau rufi ya duba, ba bara ba. Na biyu, ɗansa, ya hau, ya kuma dasa itatuwa ya gina ɗakin tantabaru. Ta uku mace ce, mijinta ya mutu ya bar ta da marayu. Ta ɗaure ɗamara ta hau. Daga saman ne ta hango gonakin talakawa sun ƙone, ta buɗe musu rumbu. Da aka yi boren ƙona gidajen masu sarauta, mutanen ƙauyen suka tsaya a ƙofarta, ba wanda ya taɓa ko tsinke.

Na huɗu ya tare a birni. Ya ce girmansa ya wuce tsani. Wani ɗan falalen rufi ya zame, ba wanda ya gani. Ruwa ya shiga, azara ta ruɓe, bango ya tsage. Ƙarshe aka sayar wa wani manomi, ya riƙa tara harawa a falon da ake saukar baƙi.

"Ita Madam ko kwana ɗaya ba ta yi a ciki ba," Iya kan ce. "Gida guda ya koma faranti. Ƙurunƙus, kan kusu na wanda ya yi gyangyaɗi. A tashi."

A lokacin hasumiyar ce ta burge ni. Wasiyyar kuwa ban ɗauke ta komai ba.

Iya ta rasu, mahaifinmu ya bi ta, Allah Ya gafarta musu. Suka bar mana gidan ƙasa a ƙauyenmu a Jigawa, inda aka haifi kakanninmu. Ni direba ne a Badawa, Garba yana ɗinki a Tudun Murtala. A bara Garba ya same ni ya ce soron ya fara yoyo, kuma ga wani zai saya ya riƙa ajiye riɗi.

"Wa zai zauna can?" ya ce. "Mu ɗauki hotonsa a waya, yara su riƙa gani."

Na dube shi. "Yaya, a wane bango za mu rataye farantin?"

Can ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Tsohuwar nan ba ta mutu ba."

Asabar muka tafi. Da farko muka aro tsani. Sannan na hau, na tarar indararo ya toshe da sheƙar tsuntsu, ruwa na kwanciya a kan soro. Muka fasa, muka kwaɓa ƙasa, muka yi yaɓe. Bana ma mun je, da babban ɗana.

Ban yi karatu mai zurfi ba, ban kuma san ko wasiyyar ta hakimin ce ko Iya ce ta ƙara. Na dai gode mata. Ta bar mana gyaɗa, ta bar mana labari, kuma har yau gidanmu ba a bango yake ba. Ƙannen matata biyu ma sun nemi su zauna a ciki, na ce to, amma hawan tsani nawa ne.