Gaida Kogi

"Ni ba zan shiga ba sai an gaishe shi!"

Haka jikata ta kafe a bakin kogin Mariga, ta ƙanƙame saiwar wani ɓaure da hannu biyu. Kwalekwale ya riga ya cika, mu kaɗai ake jira. Tun da hantsi aka ce mutanen daji sun tare hanyar mota, sun nufo ƙauyenmu, shi ya sa kowa ya biyo ta ruwa. Ruwan kuwa na tsakiyar damina ne, ja wur, yana tafe da itatuwa.

Mai kwalekwale ya ce, "Iya, ki ciccibo ta mu tafi, ko ki toshe mata baki. Ihun nan nata har cikin daji."

Na ja, na ja. Yarinyar da ko famfara ba ta gama ba, amma kamar an dasa ta. Ni kuma ƙugu ya daɗe da mutuwa. Uwarta tana gari tana jego, ubanta yana can wurinta. Ni aka bar wa amana.

Duk talabijin ce ta jawo. Ɗana ya sayo ta da sola, kullum da la'asar ana nuna wani katun, zanen nan mai motsi na ban dariya. A ciki akwai kogin Nilu na ƙasar Masar. Kogin da ya ɗauki Annabi Musa yana jariri, shi suka mayar wani tsoho mai gemun kumfa. Duk wanda ya zo haye bai gaishe shi ba, sai ya haɗiye shi ya tofo shi a kan dabino. Wanda ya gaishe shi kuwa, sai ya amsa da gyatsa, ya ba shi hanya. Akwai wani jaki da kullum sai ya manta. Na sha cewa shirme ne, amma ina zama, don lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, sunan kogin nan da ke fitowa a gilashin shi na fara haɗawa da kaina.

Na ce, "Ke ƙawata, wannan ba Nilu ba ne. Mariga ne, nan muke wanki da rani."

"Ƙaninsa ne, Kaka! Zai haɗiye mu!"

To ni a gidan da na tashi ba a gaida ruwa. Ina yarinya na ga masu kai wa kogi farar kaza, babanmu ya ja kunnena ya ce kada ya kuskura ya ji na yi wa ruwa magana. Ga shi na tsufa, kabari na kirana, a ce yau in fara?

Sai muka ji babura. Can nesa tukuna, amma ba ɗaya ba ne.

Wata Bafulatana maƙwabciyarmu da ke cikin kwalekwalen da goyonta ta ce, "Inna, gaishe shi mana! Allah ya san zuciyarki."

Mai kwalekwale ya kafa gora. "Wallahi Iya zan tura."

Na nemi gafarar Ubangiji a zuci. Ban durƙusa ba, na dai sunkuya. Na ce, "Barka da hantsi."

"Ba haka ba ne! Sai kin toshe hanci kin ce ranka ya daɗe mai gemu!"

Na toshe hanci. Na faɗa da muryar jakin nan, gaban surukaina da sa'o'in 'ya'yana. Ba wanda ya yi dariya.

Yarinyar ta leƙa ruwa. "Bai amsa ba."

Ƙarar baburan ta sauko gangare. Wata mata ta fara salati da ƙarfi, aka rufe mata baki. Na ƙara sunkuyawa har mayafina ya jiƙe, na juya wa yarinyar ƙeya, na haɗiyi iska, na saki gyatsar da ban taɓa yin irinta ba ko ranar Sallar layya.

Ta saki saiwar.

Bafulatanar ta fizgo ta, mai kwalekwale ya jawo ni ta wuyan riga kamar buhun masara, takalmina ɗaya ya tsaya a laka. Ya ce kowa ya kwantar da kai. Mun kusa tsallake aka ce ga na farkon masu baburan nan ya fito daga cikin gamba. Ban ɗago na gani ba, ina kwance a kan yarinyar.

Daga ƙarƙashina ta ce a hankali, "Kaka, ke kika yi gyatsar. Na ji warin daddawa."

Na ce, "Rufe mini baki."