Bokitin Tsingaro Daga Kagara

Sule, ƙanin matata, shi ya kashe mini kifi goma sha ɗaya, da garin sabulu. Ni kifin ado nake kiwo cikin akwatunan gilashi a unguwar Dutsen Kura da ke Minna, da shi nake ciyar da gida. Shi kuwa wankin mota ne sana'arsa. Ya leƙa matatar ruwan, ya ga soso da tsakuwa sun yi yauƙi baƙi ƙirin, ya wanke su tas, ya shanya a rana. Yauƙin nan shekara huɗu ina renonsa, don a cikinsa ƙwayoyin halittar da ke cinye dafin kashin kifi suke. Iyayen kifi shida suka rage, suna haki a saman ruwa.

Minna zuwa Kagara

Ranar Laraba ina idar da sallar asuba na ɗauki bokiti na hau kabu-kabu zuwa tasha. Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Takwas da 'yan mintoci muka wuce Zungeru, a Tegina na sha koko da ƙosai a tsaye, goma saura muna Kagara.

Gidan Baba Ndagi

Baba Ndagi Banufe ne, mutumin Bida da ke zaune a Kagara, shi ya koya mini sana'ar. Da ya ji labarin ya yi dariya har da tari, sannan ya buɗe mini matatunsa.

"Soso yana riƙe ƙwaya, amma sati biyu ya toshe. Gawayi wari kawai yake ɗauka, wata ɗaya ya gama aiki. Tsakuwa santsi, nauyin banza."

"To, Baba, wanne?"

Ya ɗebo tsingaro, wato fasasshiyar tukunyar ƙasa. "Duba ƙananan ramuka. Ɗaki ne ko'ina. Kada ya bushe, kada ka rufe, kada rana ta taɓa shi."

Ya cika mini bokiti da tsingaro mai yauƙi daga tsohuwar matatarsa, har da ruwan. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar wake, ban iya cin rabi ba.

Dawowa

Sha biyu da rabi muka taso. Direba ya ce a sa bokitin a but, wajen kaya a bayan mota, na ƙi.

"Malam, fasasshiyar tukunya ce fa!"

"Tana da rai. Ja mu tafi."

A cinya na rungumo shi, kowane rami mota ta faɗa ruwa ya fantsamo mini a wando. Wajen Zungeru ɗan sanda ya leƙa, ya toshe hanci.

"Oga, magani ne?"

Na ce magani ne. Ai ban yi ƙarya ba.

Gida

Uku da rabi na shiga gida, alhamdu lillahi. Cikin iyayen kifin ɗaya ta mutu, biyar na nan. Ashe tun safe aka ɗauke wuta, injin da ke ba kifin iska ya tsaya. Sule bai je aiki ba. Yana durƙushe da kofi, yana ɗiban ruwan yana tsiyayawa daga sama don kifin su sami iska, yatsunsa duk sun yamutse.

Tun Tegina na shirya masa zagi. Na juye tsingaron cikin matatar, na dubi Sule.

"Yaya, ka yafe mini."

Na ce, "Sule, ka cuce ni, kuma ban manta ba. Amma biyar ɗin nan kai ka riƙe su. Gobe ka zo in koya maka aikin. Sabulun kuwa, ka baro shi a bakin titi."