Rubutun tafin hannu

A shekarar da nake magana, ni ke kula da rajistar jarrabawa a wata sakandaren 'yan mata kusa da Ƙofar Guga. Da aka dawo hutu a watan Janairu, shugabar makarantar, wata Hajiya mai son ganin komai a rubuce, ta raba mana takardu, kowa ya rubuta burinsa na aiki a shekarar. Ni na san ciwona, mantuwa ce. Na rubuta cewa duk aikin da aka ba ni zai shiga littafi guda, in na gama in soke shi. Har jan biro na saya don sokewar.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a garinmu ba a kan tebur ake ba mutum aiki ba, a tsakiyar gaisuwa ne. Sai an tambayi gida da gajiya da jikin tsohuwa, hannunka na cikin na mutum, sannan ya ce, "Af, Malam, dama..." Wa zai zare hannu ya ce bari in ɗauko littafi? Sai na koma rubutawa a tafin hannu, in na shiga ofis in kwafe.

Wata Litinin wani ɗan acaɓa ya tare ni a bakin makaranta. Dattijo ne, daga ƙauye ya dawo unguwar Kambarawa don 'ya'yansa su yi karatu. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ɗiyata ce 'yar aji shida. Ran da anka ɗauki hoto da yatsu tana asibiti. An ce Alhamis za a rufe rajistar."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, na rubuta sunanta a hannu. Kafin in kai ofis Hajiya ta tsare ni da wata magana, ba ta sake ni ba sai da aka kira azahar. Na yi alwalata tsaf. Ina ɗaga hannu zan yi addu'a na ga wani ɗan shuɗi-shuɗi a tafina, ko harafi ɗaya bai rage ba.

Na san akwai aiki, ban san wanne ba. Kwana uku ina ƙirga mutanen da na gaisa da su ranar, suka haura talatin. Na tambayi maigadi, na tambayi malamai, har wasu suka fara tsokanata wai in daina wanke hannu. Na yi dariyar yaƙe, amma abinci ma ba ya min daɗi. In na buɗe littafin sai in ga komai a soke da ja, gwanin kyau, sai tsoron ya ƙaru. Ranar Alhamis na tura sunaye, na bi su sau uku, ban ga kuskure ba.

Ranar Juma'a, muna fitowa daga masallaci, dattijon ya kama hannuna da hannu biyu.

"Allah shi saka da alheri, Malam. Tun ran nan ba ta aje littafi ba."

Nan take komai ya dawo min. Bakina kuwa ya ce amin.

Na yi waya duk inda na san mutum, aka ce an rufe, sai baɗi. Ranar Asabar da hantsi na nemi gidansa. Ya shimfiɗa min tabarma a zaure, na faɗa masa gaskiya, ban laɓe bayan na'ura ko rashin wuta ba. Daga cikin gida ina jin muryar yarinya tana maimaita darasi.

Can ya ce, "Allah bai nufa ba. Ni zan faɗa mata." Ya miƙe ya tada babur ɗinsa. "Hau in kai ka gida, Malam, rana ta yi."

Na so ya zage ni. Na hau.