Tabon Yana Hannun Dama

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya san nufin mai rubutu tun alƙalami bai taɓa takarda ba, kuma bai taɓa bukatar mai sharhi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin wani bawan Allah ne da aka fi sani da Akawu. Shekara arba'in ya yi a wani ƙaramin shago daura da gidan waya, yana buga wa mutane takardu da keken rubutu: ta neman aiki, ta koke, ta ta'aziyya. Shagon bai wuce taku huɗu ba. Tebur ɗaya ne, benci biyu, da tagar da ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta da katako.

Da yake masu waƙa suna ganin baitinsu ya fi kwarjini idan an buga shi, sai suka riƙa kawo masa. Da yake kuma mai waƙa ba ya iya jira bakinsa a rufe, sai suka riƙa karanta wa juna. Haka majalisin Asabar ya samo asali, bayan La'asar. Jigoginsa biyu ne: wani malamin makaranta da ya ajiye aiki, wanda bai taɓa cin karo da baitin da ya rasa ɓoyayyiyar ma'ana ba, da wani tela mai murya, wanda shi ne makarancin majalisi.

Akawu ba ya rubuta waƙa, amma shi ya kafa dokoki, domin ya gaji da masu kare baitocinsu har a kira Magariba. Ta farko: mai waƙa ba ya buɗe baki yayin da ake sharhin waƙarsa, in kuwa ya furta ko kalma ɗaya, za a cire ta daga kundin majalisi, ba ta komawa. Ta biyu: duk wanda kunnensa ya ji, ko mai wucewa ne, yana da haƙƙin tofa albarkacin bakinsa. Ya zartar da ta farkon ba sani ba sabo. Waƙa goma sha ɗaya ya zare da hannunsa, biyu daga ciki na telan ne.

Sai Allah ya karɓi ran matarsa, bayan zaman shekara talatin da uku. Wata huɗu ya yi yana buga wa wasu takardun ta'aziyya ba kuskure ko ɗaya. Wata Asabar ya miƙa wa tela takarda mai baiti goma sha biyu, ya ce tasa ce. Bai sa sunan matar tasa ba, don kunya. Bukatarsa ba ta da yawa: wani ya ji, ya ce ita ce. Kuma yana da dalilin sa rai, domin mutanen nan sun shekara ashirin suna shan shayin da take aiko musu.

Waƙar ta siffanta wata mace mai jan takalmi ɗaya, har a san zuwanta tun ba ta yi sallama ba. Mai rataye makulli a ƙusar bayan ƙofa, sannan ta birkice gida tana nemansa. Mai tabon ƙunar dutsen guga a hannun hagu. Mai dariya har tari ya sarƙe ta.

Malamin makaranta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce wannan macen ba kowa ba ce face Duniya. Jan takalmin shi ne gargaɗin da ke gabatar ajali. Makullin tuba ce, tana kusa ana nemanta nesa. Da ya iso kan tabon hannun hagu, ya ce ishara ce ga waɗanda za a bai wa littafinsu da hagu, Allah ya kiyashe mu. Da Asabar ta zagayo, tela ya ce sam, ba Duniya ba ce, zuciya ce mai umarni da mummuna. Abu ɗaya suka haɗu a kai: baitin dariya ba ya ɗauke da komai, gara a cire shi.

“Akawu,” in ji malamin, “ashe shekara da shekaru muna zaune da mai zuhudu ba mu sani ba.”

Mai zuhudu ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da goge haruffan kekensa da tsohon buroshin haƙori. An yaba masa yabon da ba a taɓa yi wa kowa ba a shagon, aka mai da matarsa Duniya a Asabar ta farko, aka mai da ita muguwar zuciya a ta biyu, shi kuwa dokarsa tana zaune a kan harshensa.

A Asabar ta uku ƙanwar marigayiyar ta zo a buga mata takarda zuwa makarantar ɗanta. Ta tarar tela yana maimaita karatu don a yanke hukunci, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Da ya kai ƙarshe ta share ido da gefen mayafi.

“Mijin yaya, wannan ai Yaya ce. Amma tabon a hannun dama yake.”

Malamin ya yi mata bayani cikin ladabi, ya ce baiwar Allah, wannan fage ne na majazi da kinaya, ba a ɗaukar lafazi a kan zahirinsa. Ta ce ita ba ta san su ba, ba kuma ta san gidansu ba, amma ita ta yi mako biyu tana shafa wa hannun magani. Tela ya so ya tsawatar, sai ya tuna doka ta biyu, ya haɗiye.

Ta juya ga Akawu. “Kullum kana gabanta kuna cin abinci, damanta shi ne hagunka. Shekara talatin da uku kana kallon hannu, ba ka san wanne ba ne. Da tana nan da ta yi ta dariya har tari ya kama ta.”

Akawu ya ajiye buroshi. Ya dubi kundin majalisi, ya dube ta.

“Baitin dariyar fa? Sun ce in cire.”

“Ka cire, in cire ka daga dangi.”

Tela ya yi gyaran murya irin na wanda aka zare wa waƙa sau biyu. Akawu ya buɗe kundi, ya zare takardarsa da hannunsa, ta zama ta goma sha biyu. Sannan ya sa sabuwar takarda a keke, ya buga waƙar daga farko, ya mai da tabon inda Allah ya sa shi, ya bar dariyar a wurinta, ya miƙa wa ƙanwar matarsa. Ta naɗe ta, ta tafi, ta manta da takardar makarantar da ta kawo ta.

Malamin makaranta ya roƙi tsohuwar takardar aka ba shi. Har ƙarshen rayuwarsa yana karantar da ita a matsayin waƙar zuhudu, yana gaya wa masu sauraro cewa mai ita ya ɓata ta daga baya saboda bin shawarar surukai. Akawu yakan ji, bai taɓa musantawa ba. Ya ci gaba da riƙon majalisi shekara shida, bai sassauta dokarsa ba, bai kuma sake rubuta baiti ba, har ranar da aka wayi gari tagar shagon tana rufe.

Allah ya jiƙansa da rahama, shi da ita, ya yafe musu kurakuransu, ya ba su littafinsu da hannun dama, ya haɗa su a gidan aminci. Amin.