Wakilin da Ya Ƙi Shaƙe Mai Ƙishirwa

Yau shekara tara ke nan da kashe yayana Bawa, kuma ba baƙi suka kashe shi ba. Mu ne.

Shi ƙauyenmu, can yamma da Lafagu, yake turawa duk kaka ya tsayar da rana da makiyayan da ke tsallakowa daga Benin, ranar da za a sakar musu gonaki shanu su ci kara. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Bawa ya je ruga, ya tarar shanu na faɗuwa, ya gane duk abin da aka gindaya wa Arɗo zai karɓa. Da ya kawo mana labari muka ce madalla, ranar ramuwar ɓarnar da shanunsu ke mana ta zo: ya koma ya ce sai bayan sati uku, kuma kada su kusanci mashaya. Ni na fi kowa ɗaga murya.

Ya dawo ya ce jiran kwana biyar kawai ya yanka musu, mashaya kuwa tun yau, su bi ta gonarsa. "Sulhu kunka aike ni," in ji shi, "ba shaƙe mai ƙishirwa ba. Ramin mugunta, a gina shi gajere."

Sai wani ya ce ai saniya aka ba shi. Kafin ƙiftawar ido gora ta sauka a ƙeyarsa, rana tsaka, a gindin tsamiyar kasuwa. Ya durƙusa, aka bi shi da ƙotar fartanya har haƙoransa suka zube a ƙasa, jini ya rine rigar da na ara masa. Ina tsaye. Ban buga ba, amma wallahi ban hana ba.

Yanzu zamani ya juya. Shinkafata ma manhajar waya ke yi mini cinikinta. Tawa ta yi magana da ta mai saye a ƙetare, su yi ta tayi da albarka tsakaninsu, babu bakin ɗan Adam. Da Bawa na nan da ya tuntsire da dariya, ya ce ga wakilin da gora ba ta kamawa. Amma na san abin da zai tambaya: in ta gane wancan ya matsu, me aka koya mata ta yi? Ita dai 'yar aike ce, halin mai aikenta take ɗauka.

Makon jiya ta tsaya tsakiyar ciniki ta tambaye ni. Mai sayen wata mai tuwo ce, hatsinta ya ƙare, ko nawa aka ce za ta karɓa. In matsa mata?

Na daɗe ina kallon wayar. Babu taro a bayana, babu mai zuga, babu wanda zai sani. Duk da haka, Allah na gani, yatsana wajen "matsa" ya fara nufa. Na janye shi da ƙyar, na ce ta sallama yadda ake sayar wa kowa.

Abin da ya rage na Bawa ke nan, ɗan jinkirin da ya tsayar da yatsana. Na zauna a gindin rumbu, na yi kukan da kunya ta hana ni ranar jana'izarsa.